Zauren Masu Karatu: Kundin Kaka, Babbar Riga da Masallacin Ƙasa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan kayan tarihinmu na Musulunci: wa yake da su, wa yake ganinsu, da yadda za a raba amfaninsu ba tare da an raba mai abu da abinsa ba. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane. An ba mu aiki a kan fasahar Musulunci, na shiga shafukan manyan gidajen tarihi na duniya. A ɓangaren Musulunci na tarar da kayan Iran da Turkiyya da Masar, a ɓangaren Afirka kuma gumaka da fuskokin dodanni. Namu fa? Ko ba mu da abin da ya isa a nuna ne? (Ɗaliba daga Zariya)

Wa'alaikumus salam, 'yarmu. Muna da shi, kuma mai yawa daga cikinsa yana can cikin waɗannan gidajen da kika leƙa, sai dai a ɗakin ajiya yake. Matsalar daga rabon ɗakuna ta faro. Lokacin da masanan Turai suka tsara abin da suke kira fasahar Musulunci, musamman bayan babban baje kolin da aka yi a birnin Miyunik na Jamus a 1910, sun shata mata iyaka daga Andalus zuwa Indiya. Kudu da Sahara kuwa suka bar wa masu nazarin ƙabilu, waɗanda idonsu yake kan sassaƙe da kayan tsafi. Sai babbar riga da allon zayyana da gafaka suka rasa masauki: mai ɗakin Musulunci yana ganinsu kayan Afirka, mai ɗakin Afirka yana ganinsu kwaikwayon Larabawa. Da gidan tarihin Metropolitan na Niyok ya sake buɗe ɗakunansa na wannan fanni a 2011, sunan da ya ba su ya lissafa ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Iran da Asiya ta Tsakiya da Kudancin Asiya. Ba mu ciki.

Dalili na biyu ya fi ciwo, shi ne rashin suna. Kwanon Iran ana rubuta masa gari da ƙarni, wani lokaci har da sunan wanda ya ƙera. Rigarmu kuwa katin da ke jikinta bai wuce “Hausa, Nijeriya” ba, alhali hannaye da yawa ne suka haɗu a kanta: mai kaɗi, masaƙi, marini, malamin da ya zana aska takwas a ƙirjinta, maɗinkin da ya kwashe watanni yana bin zanen da allura, wanda sau da yawa ma Banufe ne, sannan mabugi. Abin da ba shi da mai yi, ba shi da shekara, ba a rubuta littafi a kansa, kuma ba a ba shi gilashi shi kaɗai. Haka jar fatar akuyar Sakkwato ta bi ayari ta ƙetare Sahara, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko.

Don aikinki, ga inda za ki fara. A 1976 an baje kolin fasahar Hausa a Landan cikin bikin duniyar Musulunci na waccan shekara, kuma David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi bincike a kan ɗinkin riguna, shi ya tsara shi. Ɗakin duniyar Musulunci da British Museum ya buɗe a 2018 ya shigar da Afirka ta Yamma. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, da aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, sun fito da kayan ƙarfe da na ado waɗanda suka nuna hulɗa da ƙasashen Musulmi na nesa ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Sannan ki dubi rubutun Alƙur'ani na Barnawi da na Kanawi, mai kauri, bisa ruwayar Warshu, da jan wasali da ɗigon rawaya. Akwai Alƙur'anan Barno masu sharhi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka, ɗaya daga ciki yana ɗauke da shekarar 1669. Amma da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa fasahar rubutun Larabci cikin gadon al'adun duniya a 2021, ƙasashe 16 ne suka shigar da takardar, har da Sudan da Muritaniya, babu Nijeriya babu Nijar. Wannan kam ba Bature ne ya hana mu ba.

Na gaji adakar kakana cike da rubuce-rubucen hannu, wasu Larabci wasu ajami. Da na buɗe sai na ga gara ta fara ci ta ƙasa, warƙoƙin kuma sun cakuɗe. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in kawo ya manne mini su da leda, wai sai su daɗe. In kai? (Magidanci daga Gwandu)

Malam, don Allah kada ka kai. Mannewa da leda ana yin ta ne da zafi da gam, gam ɗin yana shiga cikin takarda ba ya fita, ledar tana yin ja da tsufa, kuma ba a iya cire ta sai da tawadar. Salatif ma haka yake: bayan 'yan shekaru sai ya ɓare ya bar tabo mai ruwan ƙasa daidai kan rubutun. Kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan takarda, kada ka shanya a rana, kada ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tawadar gawayi da ƙaro ruwa yana wanke ta kamar yadda yake wanke allo. Tawadar yambari kuma, wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, idan ta sha laima sai ta riƙa cin takardar har harafi ya zama huda.

Abu na farko, ɗaga adakar daga ƙasa. Gara daga ƙasa da jikin bango take zuwa, don haka a ɗora kayan a kan kanta mai ƙafar ƙarfe, tazarar aƙalla santimita 15 daga daɓe, kuma kada ta jingina da bango. Ka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur cikin inuwa, ka wanke hannu ka bushe shi sarai. Safar hannu ba ta da amfani a nan, tana sa a yaga gefen warƙa ba a ji ba. Ka riƙa ɗauko ɗauri ɗaya-ɗaya yadda ka same shi, kana share ƙura da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. In ka ga funfuna, sa takunkumi, ka ware wannan ɗaurin daban har ya bushe kafin a share shi a waje.

Kada ka yi gaggawar jera warƙoƙin. Littattafanmu ba a ɗinke su, kuma ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalma ɗaya da marubuci yake ajiyewa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye. Kafin a taɓa tsarin, a sa wa kowace warƙa lamba ƙarama da fensir a kusurwar sama yadda aka same ta, ba da biro ba. Bayan haka ne malamin da ya san littafin zai zauna ya bi waɗannan kalmomi ya mayar da kowace gidanta. Takardun da ka tsinta a tsakani, wasiƙa ko lissafin bashi ko laƙani, ka rubuta inda ka same su. Sau da yawa su ne suke faɗin wanda ya mallaki littafin da garuruwan da ya bi.

Idan akwai ƙwaro mai rai, masu adana littattafai daskarar da shi suke yi: a naɗe busasshen ɗauri, a sa cikin leda biyu a matse iska a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, sannan a fito da shi a bar shi cikin ledarsa kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda maimakon takarda. Amma in wutar unguwarku tana ɗaukewa, bar wannan hanya, narkewa da sake daskarewa sun fi ƙwaron ɓarna. Gara ka rufe ɗaurin shi kaɗai ka nemi ma'aikatan adana takardu su duba.

Wajen ajiya, kowane littafi a naɗe shi da takarda marar asid, in ba a samu ba da wankakken farin ƙyallen auduga, a sa tsakanin tadarishinsa, a kwantar da shi, kada a tsayar. Ban da jarida, ban da roba mai ɗaure kuɗi, ban da ƙusar takarda mai tsatsa. Laimar ɗaki in ta haura kashi 65 cikin 100 funfuna take kawowa, shi ya sa watan Agusta ya fi kowane wata haɗari. Hunturu kuma yana busar da takarda ta riƙa karyewa, to a rage yawan buɗe-buɗe a lokacin.

Akwai abubuwa biyu da za su gaya maka shekarun kayan. Ka ɗaga warƙa ka haska ta baya. In ka ga jinjirin wata uku a jere, takardar Italiya ce wadda ta riƙa shigowa ta Tarabulus da Masar, kuma kamfanin Galvani na garin Pordenone ya yi fice da ita a ƙarni na 19. Wannan shekarun takarda yake nunawa, rubutun yana iya zuwa daga baya. Sai ka duba ƙarshen littafi, bayan “tammat”, inda mai kwafi yake sa sunansa, wani lokaci da ramzi, wato shekarar da aka rubuta da haruffa maimakon lambobi. A nan mutane suke kuskure, domin malamanmu lissafin haruffa na Magrib suke bi, inda shinun take 1000, alhali a na Gabas 300 ce. Shinun da ra sun ba da 1200 ke nan. Don juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya bisa kusanci, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: 1250 za ta faɗa wajen 1834.

Wasu masu bincike sun zo suna so su ɗauki hoton littattafan mahaifinmu su sa a intanet. Yayyena sun ce a'a, za a kwashe mana gado. Ni kuma ina ganin ilimi bai kamata a kulle shi ba. Mu goma sha ɗaya ne magada. Mene ne mafita? (Hajiya daga Damagaram)

Hajiya, ke da yayyenki kowa yana da gaskiyarsa. Tsoronsu yana da tushe: littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, fiye da guda 3,000, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka. An adana su da kyau, amma almajirin Kano ba ya zuwa ya buɗe su da ƙafarsa. Ke ma kina da hujja, domin abin da ya faru a Tumbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba, ya nuna cewa kwafi ɗaya tilo a ɗaki ɗaya ba tsaro ba ne.

Mafita ita ce a raba tsakanin littafi da hotonsa, a kuma rubuta yarjejeniya da Hausa ko Faransanci, harshen da duk magada suke ji, gaban shaidu. Ta faɗi cewa littattafan ba za su bar gidan ba, a nan za a kafa kyamara. Ta faɗi cewa iyali za su karɓi cikakken kwafin hotunan da ainihin girmansu kafin masu aikin su tafi, ba alkawarin za a aiko ba. Sunan mahaifinku da na iyali su fito a jikin kowane littafi a kundin da za a wallafa. Ku ne za ku ware abin da ba za a sa a fili ba, kamar wasiƙun iyali da takardun gado da kundin asirai, kuma a rubuta jerin waɗannan tun farko. A bayyana ko an yarda wani ya buga hoton a littafin sayarwa, in an yarda wa za a tambaya. Sannan a sa ɗaya daga cikin 'ya'yanku cikin aikin ya koya. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na British Library, wanda ya fara a 2004, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: asali yana zama a ƙasarsa, kwafi ne yake fita. Duk wanda ya zo da sharaɗin da bai kai wannan ba, ku dakata.

Riƙe naku kwafin ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2023 masu kutse sun durƙusar da shafukan British Library ɗin kanta, aka daɗe ba a iya ganin tarin hotunanta. Ku ajiye kwafi uku: biyu a rumbunan ajiya daban-daban a gida, ɗaya a wani gari, misali sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Yamai, wanda tushensa tarin Boubou Hama ne. Ku tambayi ingancin hoton ma. Abin da aka saba shi ne nau'in fayil ɗin hoto da ake kira TIFF, mai ɗigo 300 a kowane inci, da rula da katin launi a gefe. Shafi mai girman takardar ofis yana cin kusan megabayit 25, wato littafi mai warƙa 300 zai kai gigabayit 15. Wanda ya ce zai turo muku ta WhatsApp, inuwar hoton zai turo.

Haɗarin da ya fi baƙi girma yana cikin gida, ranar rabon gado. An sha raba littafi ɗaya kashi-kashi tsakanin magada, kowa ya tafi da warƙoƙin da ba su da farko ba su da ƙarshe. Mazhabar Malikiyya ta yarda a yi waƙafin littattafai. In magada duka sun amince, ku je gaban alƙali ko malamin da kuka yarda da shi a rubuta su hubusi, wato waƙafi, a naɗa mai kula, a faɗi wanda zai gaje shi da sharaɗin karatu da aro.

'Yata ta samu gurbin karatun antirofoloji, wato nazarin al'ummomi da al'adunsu. Wani abokina ya ce ilimin leƙen asirin 'yan mulkin mallaka ne. Gaskiya ne? (Uba daga Kumasi)

Alhaji, abokinka ya faɗi rabin labari. Gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauki masu wannan ilimi aiki, irin su C. K. Meek, don ta san yadda za ta mallaki mutane. Kuma da yawa daga cikin na farko sun fi sha'awar bori da camfi, suna ɗaukar Musulunci kamar fenti a kan bango, wanda sai an kankare za a ga “ainihin” Bahaushe. Wannan kallon yana daga cikin abin da ya jefa fasaharmu ɗakin ajiya. Sun kuma danne sunayen waɗanda suka yi aikin. Tatsuniyoyi da labaran da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a nan ƙasarku. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya rubuta bayanai masu tsawo kan rayuwar Hausawa, suka fita ta hannun jami'in Jamus Adam Mischlich.

Sauran rabin shi ne, kayan aikin ilimin ba su da laifi: zama da mutane tsawon lokaci, jin harshensu, tambaya, rubutawa, komawa a tabbatar. Da waɗannan kayan aiki Mary Smith ta rubuta rayuwar Baba ta Karo daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, kuma har yau da wuya a samu bayani kan aure da kishi da ƙawance da bauta a ƙauyen Zazzau daga bakin mace wanda ya kai shi. 'Yarka tana shiga ɗakin da baƙo namiji ba ya shiga. Wa ya rubuta yadda ake jeren kwalla, ko sunayen zanen lalle, ko waƙoƙin wa'azi na ajami da tsofaffin mata suke rerawa a zango? Ka bar ta ta yi, ka kuma ƙarfafa mata Larabci da karatun ajami, domin mai wannan haɗin ba shi da yawa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon tana da tarin rubuce-rubucen malaman zango da za ta fara da su.

Ina ɗaukar hoto da waya, ina so in riƙa sa kayan gargajiyarmu inda duniya za ta gani. Na sa da yawa a Facebook amma bayan kwana biyu sun nutse. (Matashi daga Kano)

Facebook kasuwa ce, ana ci a watse. In kana so hoto ya zauna a same shi bayan shekara goma, sa shi a Wikimedia Commons, inda Wikipedia ta Hausa da sauran harsuna suke ɗauka. Sai dai ka san sharaɗin tun kafin ka danna: lasisin CC BY-SA yana ba kowa damar amfani da hoton har a kasuwanci, muddin ya ambaci sunanka ya kuma saki nasa aikin da irin lasisin, kuma ba a janye shi. Saboda haka hoton da kai ka ɗauka kawai za ka sa, kuma ka gaya wa mai kayan wannan sharaɗi da baki kafin ya ce to. Fuskar mutum, musamman mata da yara, sai da izini bayyananne.

Ɗauki riga misali. Shimfiɗa ta a kan farin zane a inuwa da hantsi, ka tsaya daidai samanta, kashe filasha. Hoto ɗaya gaba, ɗaya baya, sannan ka matso kan aljihu da wuya har zaren ya fito ɗaya-ɗaya, ka juya cikin ka ɗauki bayan ɗinkin, domin a nan ake bambance aikin hannu da na keke. Ajiye rula a gefe. Ka auna faɗin zirin saƙa ɗaya ka ƙirga su nawa ne.

Bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya fi hoton daraja. “Rigar gargajiya” ba bayani ba ne. Rubuta sunanta yadda masu ita suke kira, saƙi ce ko tsamiya ko barage, aska biyu ce ko aska takwas, wa ya saƙa, wa ya zana, wa ya ɗinka, a wace unguwa, wace shekara, don wane biki. Abin da aka gaya maka ka ce an gaya maka, kada ka ƙara wa riga shekara ɗari don ta yi kwarjini. Ka rubuta da Hausa da Ingilishi, har da Larabci in za ka iya, don mai nema ta kowace ƙofa ya same ta. Ga ka a Kano: marinar Ƙofar Mata, mabugan da ke kusa da ita, turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa, dukawa, masu rubuta Alƙur'ani da hannu, kayan dokin Hawan Sallah wanda UNESCO ta karɓa a Disamban 2024. Zaɓi sana'a ɗaya ka bi ta daga farko har ƙarshe, ya fi hoto dubu barkatai.

Masallacin garinmu na ƙasa ne, kakanninmu suka gina. Wani mai hali ya yi alkawarin shafe shi da siminti ko a rushe a yi sabo. Jama'a sun rabu. Ni ne limami, ina neman shawara. (Liman daga ƙasar Katsina)

Allah ya gafarta Malam, ran masallata ne farko. Wani ɓangare na rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Mikaila na zamanin Sarki Abdulkarim, ya rufta a kan masu salla a Agustan 2023, aka yi asarar rayuka. Saboda haka kafin kowace muhawara, a kira tsohon magini da injiniya su duba tare. A soka wuƙa a bakin azara inda ta shiga bango, in ta nutse gara ko ruɓa ta gama da ita. A dubi bakan gizo ko ya tsage a ƙugu, a dubi gindin bango ko ya zaizaye, a hau rufi a ga ko ruwa yana kwanciya. Tsagar da ake shakka a kanta a shafa mata ɗan farin ƙasa a rubuta kwanan wata. In ta sake buɗewa cikin makonni, ginin yana motsi, a fitar da mutane daga wannan sashen.

Siminti a kan ginin ƙasa kuwa cuta ce mai kama da magani. Bangon tubali yana shan laima yana fitarwa. Siminti ba ya bari ta fita, kuma ba ya motsi tare da ƙasa, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta narke a ɓoye, azara ta ruɓe, waje kuwa sumul. An gwada a masallacin Larabanga na Gana a shekarun 1970, ginin ya lalace, sai da aka kankare simintin a farkon shekarun 2000 aka koma yaɓen ƙasa. Abin da ginin yake so shi ne abin da kakanni suke yi: yaɓe kafin damina, makuba ta ɓawon ɗorawa a bango, laso na katsi da gashin jima da dafara a rufi da zankwaye, a share indararo a tabbatar yana zubar da ruwa nesa da gindi, a gyara gangaren ƙasa kada ruwa ya taru. A kula da ƙara ƙasa a rufi kowace shekara ba tare da an rage tsohuwa ba, nauyin yana taruwa har ya fi ƙarfin azara.

Ba ginin talauci ba ne, in wannan ne yake damun jama'a. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27 ta ƙasa ce, tana cikin abin da ya sa tsohon birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Hasumiyar Gobarau ma tana nan kusa da ku.

In masallacin ya yi wa jama'a kaɗan, akwai hanya ta uku, an kuma bi ta a Dandaji ta Nijar: aka gina sabon masallaci a gefe, aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018. Ku kai wa mai halin wannan shawara, ku roƙe shi ya ware wani kaso na kuɗin ya zama waƙafin yaɓen shekara-shekara da ladan magina. Ko me aka yanke, kafin a taɓa ginin a auna tsawo da faɗi da kaurin bango, a zana taswirarsa, a ɗauki hoton kowace ginshiƙa da ɗaurin guga da mihirabi, a zauna da dattawa a naɗi muryarsu kan wanda ya gina da sarkin da aka yi a zamaninsa. Kwafi ɗaya ya zauna a masallacin, ɗaya a kai ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da ke Katsina, a karɓo takardar shaidar an karɓa.